Jinin wa sauron garinmu ke sha? Yadda na yi gwajin DNA, daga ɗakin Inna har zuwa lab

Makonni kaɗan da suka wuce wani ƙanena a karatu ya kira ni, yana so ya yi bincike kan jinin da sauro ke sha, tambayarsa ta farko kuwa ita ce wane lab ne ke da injin PCR mai kyau, wato injin da ke ninka DNA har a iya ganinsa. Na ce masa da irin wannan tambayar ni ma na fara a 2021, kuma ita ta ja mini asarar sauro sama da ɗari kafin in gane inda gizo ke saƙa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda na bi aikin daki-daki, ko wani ya tsira daga wahalar da na sha.

Ni jami'in lafiyar al'umma ne, haifaffen ɗaya daga cikin garuruwan Hausawa da ke gaɓar Shuɗin Kogin Nilu, a Sudan, kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno. A wajenmu da zarar damina ta yi nisa, daga Satumba zuwa Nuwamba, da wuya ka shiga gidan da babu mai kwance da zazzaɓin cizon sauro. Sauron da ya fi yaɗa cutar a Sudan shi ne Anopheles arabiensis, kuma halinsa ne ya ja hankalina lokacin da nake neman abin da zan rubuta a digiri na biyu. Ba ya zaɓe. Ya sha jinin mutum, ya sha na saniya, ya ciji a ɗaki, ya ciji a waje. Ƙwayar cutar kuwa, Plasmodium falciparum, ba ta rayuwa a jikin saniya ko akuya, saboda haka duk cizon da ya faɗa kan dabba cizo ne da bai yaɗa maleriya ba. Amma wannan jinin dabbar shi ke ciyar da macen sauro ta yi ƙwai ba tare da ta taɓa gidan sauro mai magani ba. To, a gari irin namu da ake kwana a tsakar gida lokacin zafi, awaki na ɗaure taku biyar daga gadon mutum, kashi nawa na cizon ke kanmu? Masana na kiran wannan ma'aunin jinin ɗan Adam, wato a cikin sauron da suka sha jini, nawa ne suka sha na mutum. Shi na fita nema.

Takardu suka fara cinye mini wajen wata biyu, kuma rabin jinkirin laifina ne. Na ɗauka tunda sauro zan kama, ba jinin kowa zan ɗiba ba, babu ruwana da kwamitin ɗa'ar bincike. Malamina ya zaunar da ni ya ce, "Ɗakin kwanan mutane za ka shiga da sassafe, ka yi feshi, sannan jinin da ke cikin sauron nan na mutane ne. Ta yaya za ka ce babu ruwanka?" Sai na koma na rubuta takardar neman izini, na haɗa da tsarin binciken, da takardar amincewar masu gida cikin Larabci. Kwamitin ba kullum yake zama ba, na rasa zama ɗaya don ban sa sunan maganin feshin da zan yi amfani da shi ba, na jira na gaba. Bayan izini ya fito na karɓi wasiƙar jami'a zuwa hukumar lafiya ta jiha, su kuma suka ba ni wata zuwa ofishin lafiya na mahalliyya, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira ƙaramar hukuma. Duk ofishin da za ka shiga ka riƙe kwafi uku na kowace takarda, ka je da sassafe tun kafin a tashi cin fatur, wato karin kumallon hantsi, ka kuma tuna ranar Alhamis rabin rana ce a aikace. A mahalliyya aka haɗa ni da wani dattijon ma'aikaci da ya shafe shekaru yana aikin feshi da kamun sauro. Duk cikin abin da takardun nan suka samar mini babu kamar shi.

Daga nan sai gaban mai gari. Garinmu ne, kowa ya san ubana, amma duk da haka sai da Kawu ya raka ni bayan la'asar, muka zauna a rumfa aka kawo shayi. Na yi bayani, aka saurara, sai wani dattijo ya ce, "Yaro, mun ji ana cewa da gwajin DNA ake gane uban ɗa. Yanzu in sauro ya ciji matata ka kama shi, kana nufin za ka san jininta ne?" Tambaya ce mai nauyi, kuma na ji daɗi da aka yi ta a fili. Na ce, "Baba, gwajin da zan yi iyakarsa ya ce wannan jinin mutum ne, wannan na saniya, wannan na akuya. Ba ya bambanta Audu da Tanko." Gaskiya ne akwai wani gwajin daban da ke iya kai wa ga mutum guda, irin wanda 'yan sanda ke amfani da shi, amma sai an ɗebi samfurin mutanen gidan an kwatanta, kuma izininsa daban ne. Na faɗa musu haka ban ɓoye ba, na kuma yi alkawarin ba za a rubuta sunan kowa ba sai lambar gida. Mai gari ya ce to, amma ɗakunan mata sai dai mace ta shiga. Ƙanwata da ke karatun jinya ta karɓi wannan ɓangaren, ta kuma fi mu ido wajen tsintar sauro.

Fitarmu ta farko a watan Agusta ce, kuma ita ce ta lalace. Yadda ake yi shi ne, a iso gida da hudowar rana, a fitar da abinci da randa da kaji, a shimfiɗa fararen zannuwa a rufe ƙasa da gado gaba ɗaya, a rufe ƙofa da taga, mutum ɗaya ya fesa magani daga ciki, wani ya bi bakin jinka daga waje don kada su tsere. A jira minti goma, a fito da zannuwan ta kusurwoyi, a tsince abin da ya faɗo da hantsaki. Duk wannan mun yi shi daidai. Kuskuren daga baya ya zo. Na zuba sauron kowane gida a gwangwani guda da auduga mai laima, na ce sai na koma birni in ware su a natse. Ruwa ya sauka ranar, hanya ta yanke, baƙar laka irin tamu ba ta barin mota, na kwana uku. Da na buɗe gwangwanayen sai na tarar fumfuna ta yi musu fari, wasu kuma tururuwa ta shiga ta cinye cikinsu. Na zauna a bakin gado na rasa abin da zan ce wa malamina. Aikin gida ashirin, da haƙurin mutanen da suka fitar da kayansu tun asuba saboda ni, duk ya tafi.

Dattijon ma'aikacin nan ne ya ce mini, "Ustaz, sauro a inda aka kama shi ake gama da shi." Daga ranar muka canza tsari. Da mun gama gidajen safiya sai mu zauna a inuwa da gilashin ƙara girma, mu ware nan take. Namiji a gefe, ana gane shi da gashin kansa mai yawa kamar buroshi, kuma shi ba ya cizo. Culex, wanda ya fi damun mutane da kuka a kunne, shi ma gefe. Anopheles ana gane shi da ɗige-ɗigen fukafuki, in kuma yana raye a bango za ka ga ya ɗaga gindi sama kamar an kafa ƙusa a karkace. Sai a dubi cikin kowace mace. Wadda ta sha jini a daren jiya cikinta jajawur ne, a cike tam, in ka ɗaga shi ga hasken rana kamar ƙwayar rumman. Wadda ta kwana biyu jinin ya yi baƙi ya koma gefe, farin ƙwai ya mamaye rabi. Wadda ta gama narkarwa cikin duk fari ne. Masana sun kasa wannan zuwa mataki bakwai da ake kira ma'aunin Sella, kuma a nan dukan sirrin aikin yake, domin yadda sauro ke narkar da jini haka yake narkar da DNA ɗin da ke ciki. Cikin awa ashirin da huɗu na farko gwaji na kamawa da kyau, in aka wuce kwana ɗaya da rabi zuwa biyu sai a yi ta samun fanko, kuma zafin ƙasarmu na ƙara wa narkewar sauri. Jinin mutum da na dabbobi masu shayarwa dama DNA ɗinsa kaɗan ne, don jajayen ƙwayoyin jininmu ba su da cibiya, wato ɗan ƙullin tsakiyar ƙwaya da ke ɗauke da DNA, daga farare ake samunsa. Na tsuntsaye ne jajayen ke da cibiya. Kenan abin da kake nema ɗan mitsitsi ne a cikin ɗigon da bai kai kan allura biyu ba.

Kowace mace mai jan ciki sai na yanke ta gida biyu da sabuwar reza. Kai da ƙirji su shiga 'yar kwalbar roba mai ƙwayoyin silika masu tsotse laima a ƙasa da auduga a kai, don gwajin ƙwayar cuta daga baya, ƙafafu kuma don tabbatar da irin sauron. Cikin kuwa sai in danne shi a kan takardar tace, jinin ya bazu ya yi ɗan da'ira, in rubuta lamba a gefensa, in bar shi ya bushe a inuwa. Silika mai launi na saya, shuɗiya ce in ta bushe, in ta sha laima ta koma ruwan hoda, da ka ga ta fara canzawa sai ka sauya. Kowane samfuri da tsinkensa na dannewa, hantsaki kuma a goge shi da sinadarin bilic sannan da ruwa mai tsabta kafin a taɓa na gaba.

Akwai abin da na kusa tsallakewa, malamina ya hana. In a ɗakin kwana kaɗai ka kama sauro, dole jinin mutum ya rinjaya, sai ka fito da sakamakon da ka riga ka shirya da hannunka. Don haka muka ƙara da rumfunan dabbobi, da zaurukan da ba a kwana, da bakin rumbu, da tukwanen ƙasa da muka kwantar a inuwa don sauro ya fake. A nan ba a feshi, da bututun zuƙa ake kamawa, kana haska tocila kana zuƙa da baki, ƙura da warin turke na shiga maka maƙogwaro. Awa guda a turke kan ba ka abin da minti goma a ɗaki zai ba ka, amma ba makawa sai an yi.

Maganar kuɗi ta fi komai tayar mini da hankali. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam ɗin Sudan, dala ta tashi daga 55 a farashin hukuma zuwa 375, kayan lab kuwa duk da dala ake lissafinsu. Akwatin cire DNA na kamfani mai ɗaukar samfuri hamsin kuɗinsa ya haura dala ɗari biyu, ni kuma samfurina ya kusa ɗari uku. Sai na koma ga Chelex, wani gari mai araha da ake damawa da ruwa, a jefa guntun takardar jinin a ciki, a dafa kusa da tafasa na 'yan mintoci, a wulwula a inji, a kwashi ruwan sama. Bai kai na kamfani tsabta ba, amma ya yi aiki. Firaima, wato 'yan gajerun igiyoyin DNA da ke nemo gurbin da ake so, ta hannun wani dillali na yi odarsu, suka ɗauki wajen wata guda, don haka ka yi odar tun kana bin takardu. Lab ɗin da na yi aiki a Khartoum na biya kuɗin benci, na sayi safar hannu da bakunan fifet, wato abin ɗibar ɗigon ruwa, da kaina, ga kuɗin mota da masauki a gidan ɗan'uwa a unguwar Mayo.

Hanyar da na bi ita ce wadda Rebekah Kent da Douglas Norris suka wallafa a 2005. Tana duban wani gurbi mai suna saitokurom b a DNA na maitokondiriya, wato sassan ƙwayar halitta masu samar mata da ƙarfi, wanda kowace dabba ke da nata salon rubutunsa. A kwalba guda ake zuba firaima na dabbobi biyar, injin PCR ya yi ta ɗumamawa da sanyayawa zagaye 35, wajen awa uku, yana ninka gurbin har ya ishi gani. Sai a zuba a jel, wani faifai mai kama da daskararren kamu, kowane samfuri a ɗan raminsa, a sa wuta, gajeren guntu ya yi nisa, dogo ya tsaya kusa. A ƙarƙashin fitila ta musamman kowace dabba da inda layinta ke fitowa, gwargwadon yawan haruffan DNA da ke guntunta: kare a 680, saniya a 561, alade a 453, mutum a 334, akuya a 132. Kafin in taɓa sauro ko ɗaya sai da na je mahauta da asuba na roƙi ɗigon jinin saniya da na akuya, likitan dabbobi ya ba ni na kare, na mutum kuma daga yatsana, don in tabbatar kowane layi na fitowa a mazauninsa.

Jel ɗina na farko duk layukan a 334 suka tsaya. Na yi murna na minti ɗaya, na ce ashe sauron garinmu mutane kawai yake ci. Wata Dakta da ke kula da lab ɗin ta leƙo ta nuna ramin ƙarshe da alƙalami, ta ce, "Wannan fa?" Ramin ruwa zalla ne, wanda ake sawa don kama kuskure, shi ma ga layin mutum ɓaro-ɓaro. DNA ɗina ne, ko na wani da ya taɓa kayan. Mai neman jinin mutum shi kansa mutum ne, gumin yatsa ko yawun magana a kan buɗaɗɗiyar kwalba ya isa ya ɓata komai. Muka zubar da ruwan da abin da na haɗa, muka wanke benci da bilic, na raba wurin haɗa sinadarai da wurin buɗe samfuri, na riƙa sa takunkumi ina sauya safar hannu a kai a kai. Mako guda da sinadaran samfuri arba'in suka tafi a haka. Sau biyu kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar zagaye kafin janareta ya kama, daga nan na koma tambayar jadawalin ɗauke wuta kafin in kunna inji.

Da aiki ya daidaita sai jel ya fara magana. Ga mutum, ga saniya, ga akuya, wani ramin ma layi biyu, alamar an kore ta daga jikin wani ta je ta ƙarasa a jikin wani. Ƙafafun da na gwada da hanyar Scott ta 1993, mai bambanta irin sauro, suka ba da layi a 315, wato arabiensis ne. Amma ramuka da yawa suka fito babu komai. Wasu na tsarma su da ruwa kashi goma sai layi ya bayyana, don sinadarin da ke sa jini ja yana danne PCR in ya yi yawa. Sauran suka ƙi. Sai da na koma littafina na duba dabbobin da na rubuta a kowane gida na gane: tumaki, jakuna, kaji, tantabaru. Babu ko ɗaya a cikin biyar ɗin nan. Ina ɗauke da firaiman alade, a garin da ba a taɓa ganin alade ba, alhali jakin da ke ƙofar kowane gida ba shi da layi.

Mafita ita ce a sake ninka waɗannan da firaima na gama-gari da ke kama kowace dabba mai ƙashin baya, a aika a karanto jerin haruffan. Wani kamfani a Koriya ta Kudu muka aika wa, muka haɗu mu huɗu a kunshi guda don rage kuɗin jirgi, bayan jami'a ta ba da takardar izinin fitar da samfuri. Biyan kuɗin sai ta hannun wani ɗan'uwa a Jidda. Kunshin ya tafi a tsakiyar Oktoba, ranar 25 ga watan sojoji suka karɓi mulki, aka yanke intanet sama da mako uku. Na san sakamakon na zaune a akwatin saƙona, ba ni da hanyar buɗewa, ga tituna a rufe. Da layi ya dawo a Nuwamba na zauna dare guda ina ɗora kowane jeri a BLAST, manhajar da ke kwatanta shi da abin da ke GenBank, rumbun jerin DNA da ke intanet. Tunkiya ta fito, jaki ya fito, kaza ta fito. Waɗanda jininsu gauraye ne zanen ya hau kan juna ba ya karantuwa, waɗanda kuma cikinsu ya riga ya yi baƙi tun ranar kamu ba su ba da komai ba, kuɗinsu ya tafi a banza.

Abin da na samu bai saɓa wa abin da aka sani game da wannan sauron ba. Na ɗaki ya fi karkata ga mutum, na turke ga dabba, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauron da muka kama a turke da jinin mutum a cikinsa, da wanda muka kama a ɗaki da jinin saniya. Yana kai da komo tsakaninmu da dabbobinmu kowane dare, kuma wanda ya tuna zazzaɓin Rift Valley, cutar dabbobi da sauro ke yaɗawa har ta kama mutane, da ya auka wa jihohin Farin Nilu da Jazira da Sinnar a 2007 ya san wannan zirga-zirgar ba maganar maleriya kaɗai ba ce. Na koma gaban mai gari na faɗi sakamakon da Hausa. Inna ta tambaye ni, "To, awakin nan in matsar da su ko in bar su?" Na ce mata dabba kusa da gida na iya ɗauke wani cizon, tana kuma iya jawo sauron, masana ma ba su gama daidaitawa a kai ba. Abin da na tabbatar shi ne ta ɗaura gidan sauro ko da a tsakar gida za ta kwana, turken kuma a ɗan nisanta shi da gadaje.

Ga wanda zai bi wannan hanya, kafin ka yi odar firaima ka zaga garin da littafi ka rubuta duk dabbar da ke kwana a cikinsa, sannan ka zaɓi gwajin da ya dace da ita. Ka fara takardu da odar kaya wata uku kafin ruwan farko. Kada sauro ya kwana ba a ware shi an busar ba, kuma ka rubuta matakin cikinsa ranar da ka kama shi, don kada ka kashe dala a kan wanda ya riga ya narke. Kada ka gudanar da PCR ko sau ɗaya babu ramin ruwa zalla. Kowane ɗigon jini a takarda ka yanke rabi ka ajiye rabi a wani wuri daban. Nawa duka a firizar lab na bar su, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ban sake ganinsu ba, hotunan jel da littafin fili kawai suka rage a hannuna. Lambobi kuma da fensir za ka rubuta, a jikin takardar da kuma a littafi, domin biro na narkewa da zarar sinadari ko laimar damina ta taɓa shi.